Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Kwat Ɗin Ulu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, mun rubuto ne kan yadda za ku kula da kwat ɗinku, domin yawancin kwat ɗin ulu ba tsufa ke kashe su ba, ruwa ne da dutsen guga.

Kyan kwat a cikinsa yake. Tsakanin ulun waje da shafi akwai wani ƙyalle mai ɗan tauri da ke riƙe ƙirji da kwala. A wasu kwat ɗinka shi ake yi da zare, a wasu kuma manna shi ake yi da gam. Idan mai gam ya sha zafi ko tururi ya yi masa yawa, gam ɗin sai ya saki, ƙirjin ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar fatar da ta ƙone. Wannan ba ya gyaruwa yadda ya kamata. Saboda haka kada a jiƙa kwat, kada a sa shi a injin wanki. Ruwan zafi da cuɗawa suna sa gashin ulu ya cuɗe da juna, yadin ya ƙanƙance ya yi kauri, kuma ba zai koma ba. Wanki na masu dirai-kilin ne, shi ma sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Abin da kwat ke so kullum kaɗan ne. In kun cire, ku zazzage aljihu, ku bi shi da buroshi mai laushi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ku rataye a hanga mai faɗin kafaɗa. Hangar waya tana fito da ƙaho a kafaɗa. Ku bar shi ya huta kwana ɗaya kafin a sake sawa, don gumin da ya sha ya fita. In abu ya zube, a danna da farin ƙyalle mai ɗan danshi, kada a murza. In mai ne, a barbaɗa hoda, ta kwana, a kakkaɓe.

Guga kuwa, kada zafin ya wuce digiri 150, wato alamar ɗigo biyu a jikin dutsen. A shimfiɗa ƙyallen auduga mai danshi a kai, a riƙa ɗorawa ana ɗagawa, ba ja ba. Sheƙin nan da kuke gani a bakin aljihu, ulu ne dutse ya kwantar. Kada kuma a danne naɗin kwala, so ake ya lanƙwaso a hankali.

Asu ba ya son komai kamar ulu mai gumi da ke ajiye a duhu. A tsabtace kwat kafin doguwar ajiya, a sa shi a jakar yadi, ba leda ba. In kun ga ƙananan huji, ku ɗaure shi a leda ku sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har mako guda don asun ya mutu, sannan ku kawo. Ƙaramin huji ana saƙe shi da zaren da aka zaro daga cikin kalmasar kwat ɗin, har ya kusa ɓacewa. In an bari ya faɗaɗa, sai faci.

Wajen ragi da ƙari, a fara duba kafaɗa. In ta zauna, sauran mai sauƙi ne. In ba ta zauna ba, sai an kwance hannu da kwala, kuma ba mu cika ba da shawarar yin hakan ba. Ana iya rage ƙugu kamar inci biyu. Ƙari kuwa ya dogara da yadin da aka bari a cikin ɗinki, sau da yawa bai wuce inci ɗaya ba, kuma tsohon layin ɗinki kan iya nunawa. Hannu ana rage shi daga ƙasa, amma in ramukan maɓallansa buɗaɗɗu ne, dole a rage daga kafaɗa. Tsawon jiki kada a cire fiye da inci ɗaya, in ba haka ba aljihu zai sauko gaf da baki.

Shafi kan fara yagewa a hammata, ku kawo tun yagar tana ƙarama. Ranar awo kuma ku zo da rigar da kuke sawa a ciki, don mu bar rabin inci na hannunta ya leƙo.

Naku,
Masu ɗinki