Barka da Sallah daga bakin kogin Hudson

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana. Ni lafiyata ƙalau.

Mun yi idi da safe, aka gaisa, kowa ya faɗa motarsa. Kafin ƙarfe goma gari ya koma kamar ba Sallah ba. Namanmu ma sai jibi za mu karɓo daga wata gona, a yayyanke cikin leda. Ni kuwa kayan ciki nake kewa. Na san tun la'asar Inna ta ɗora kasko a tsakar gida, ga hanta, ga tumbi, ga hanjin nan da Gwaggo take kitsewa, yaji a murfin kwano, yara na miƙo hannu ana korarsu suna dawowa. Ƙamshin nan babu shi a duk faɗin Albany, garin nan na Amurka da nake zaune.

Da zaman ɗaki ya gagare ni sai na gangara bakin kogi, inda aka ɗaure wani tsohon jirgin ruwan yaƙi mai suna USS Slater. Baba, da kuna nan da sai an janye ku daga wurin. Aikinsa rakiya ne. A yaƙin duniya na biyu jiragen kaya kan tafi ayari guda kamar fatake, jiragen Jamus masu nutso kuma suna kwanton ɓauna a ƙarƙashin teku. Irinsa ne ke kewaya ayarin yana sauraren motsi, da ya ji sai ya mirgina bama-bamai cikin ruwa. Guda 563 Amurka ta ƙera, yau shi kaɗai ya rage a kan ruwa a ƙasar.

A birnin Tampa na Amurka aka ƙera shi, ya fara aiki a 1944. Sunan wani saurayi aka sa masa, Frank Slater, wanda aka kashe a bakin bindigarsa a yaƙin tsibirin Guadalcanal a 1942, mahaifiyarsa ce kuma ta ƙaddamar da jirgin. Inna, da na ji haka sai da na goge ido. Ya yi ta raka ayari zuwa Ingila, a 1945 aka juya shi tekun Fasifik. A 1951 aka bai wa ƙasar Girka shi, suka raɗa masa Aetos, wato gaggafa, ya yi musu shekara 40. Tsofaffin sojojin ruwa ne suka yi karo-karo aka jawo shi gida a 1993, ya iso nan a 1997.

Lokacin yaƙin, mutum fiye da 200 ke kwana ciki, gadaje hawa uku. Sai na tuna labarin Kaka, Allah Ya jiƙansa, na tafiyarsu yaƙin ƙasar Bama a jirgi. Ashe su ma akwai masu rakiya a gefensu.

A gaida Kawu da iyalansa, da Yaya da maigidanta, da Liman. A gaida Gwaggo sosai, a ce mata man zafin ƙafa yana hanya, kada ta daina shafa wanda ya rage. Auta kuma, na ga hoton ɗinkinki, kin yi kyau ƙwarai, goron Sallarki yana wurin Yaya. Ki riƙe karatu, ki riƙa kirana ko ba dalili. Inna, a ajiye mini dambu, ko ɗan kaɗan ne.

Ɗanku mai kewarku.