Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Majalisar Birni: lauje ba ya tayar da katanga

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaya ne daga cikin mutanen da ke haɗuwa duk ranar Asabar da sassafe a tsohuwar maƙabartar birni, ɗauke da lauje da adda da manjagara da baro, muna sare ciyawa muna kwashe shara. Ba wanda ya ɗauke mu aiki, ba wanda ke biyanmu. A cikinmu akwai malamin makaranta da ya yi ritaya, akwai direba, akwai ɗalibai, akwai wata baiwar Allah da ta zo neman kabarin kakarta ta rasa inda yake, tun daga ranar ta zama tamu.

Takardar yabon da ofishinka ya aiko mana ta iso, mun gode. Sai dai ta same mu ne a tsaye bakin ɓangaren katangar da ruwan sama ya kayar tun bara, kuma ba ta ce uffan a kan katangar ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tsorona shi ne wannan aiki namu ya zama dalilin da hukuma za ta zare hannunta gaba ɗaya. Wanda ya wuce ta bakin titi yanzu zai ga hanya a share, ya ce ai an gyara maƙabarta. Ba a gyara ba, aski kawai aka yi mata. Ciyawa ita ce mafi sauƙi a cikin cututtukan wurin nan, kuma ita kaɗai ce muke da maganinta.

Ka san yadda tsohuwar maƙabarta ke mutuwa, domin kusan hanya ɗaya ce a ko'ina. Sau ɗaya ake biyan kuɗin wurin kabari, idan ma ana biya, amma kula da shi ba ya ƙarewa. Ranar da fili ya cika, kuɗin shiga ya tsaya, ciyawa da saiwa da ruwa kuwa ba su san an rufe littafi ba. 'Ya'ya suna zuwa ziyara, jikoki su zo jefi-jefi, tattaɓa-kunne ba su ma san ƙofar ba. Sai a sallami maigadi don rage kashe kuɗi, wani ya fara zubar da shara ta kan katanga, na biyu ya ga an fara, kafin ka ankara kusurwa guda ta zama juji.

Haka ta faru da Highgate a Landan, maƙabartar da aka buɗe a 1839, inda aka binne masanin falsafa Bajamushe Karl Marx a 1883, inda mutum kusan 170,000 ke kwance a kaburbura kamar 53,000. Kamfani ne ya mallake ta, da riba ta ƙare ya sake ta, daji ya cinye, ɓata-gari suka yi ta fasa kaburbura. A 1975 mutanen gari suka kafa ƙungiyar abokan maƙabartar, suka shiga da adda kamar yadda muka shiga. Ana yawan kawo wannan labari don a nuna ƙarfin aikin sa kai, amma ana tsallake rabinsa. Ƙungiyar ta samu mallakar filin a hannunta a 1981, tana da ikon karɓar kuɗin ziyara, ta ɗauki ma'aikata, ta kira ƙwararru. Da ba a ba su takarda ba, da har yau sara kawai suke yi. Mu kuwa ko mabuɗin ƙofa ba mu da shi. Duk Asabar sai mun jira wani ma'aikaci ya ga dama ya zo ya buɗe kwaɗo, ranar da bai zo ba sai mu shiga ta inda katanga ta faɗi, hanyar da masu zubar da shara ke bi.

A Filadelfiya ta Amurka akwai maƙabartar Mount Moriah, wadda aka kafa a 1855. An wayi gari a 2011 an rufe ofishinta, ba a san wa za a tuhuma ba, domin 'yan kwamitin da ke riƙe da ita duk sun mutu ba a naɗa wasu ba. Masu aikin sa kai suka yi ta fama da ciyawa da tsofaffin tayoyi, amma batun wa ke da filin sai da kotu ta shiga a 2014 ta ɗora wata hukuma a kai. Lauje bai iya yanke wannan hukunci ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na majalisar Westminster, ita ma a Landan. A 1987 ta sayar da maƙabartu uku a kan kwabo biyar-biyar na kuɗin Ingila, kwabo 15 ke nan jimilla, don ta huta da ɗawainiyarsu. Filayen suka yi ta sauya hannu tsakanin 'yan kasuwa, kaburbura suka lalace, iyalan mamata suka tayar da ƙura, bayan 'yan shekaru majalisar ta koma ta karɓo abin da ta yar, da asarar kuɗi da zubewar mutunci. Ban ce kana da wannan niyya ba. Amma kujera ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma fili mai faɗi a tsakiyar birni, wanda darajarsa ke hawa kullum, ba ya rasa masu haɗiyar yawu. Ina roƙon majalisa ta rubuta, ta zartar, ta buga a fili cewa wannan ƙasa maƙabarta ce, ba ta sayarwa ba ce, ba ta yanka ba ce, da taswirar iyakarta daga kusurwa zuwa kusurwa. Tuni akwai wani shago da ya jingina rumfarsa da katangar gabas. Bana rumfa ce. Mun san abin da rumfa ke zama.

Bari in faɗi laifinmu, don kada a ce na zo wanke kai. A farkon zuwanmu na samu wani allon dutse da gansakuka ta rufe rubutunsa. Na ɗauko buroshin waya na dirje shi da ƙarfina, ina jin daɗi yana fari. Da ya bushe sai na ga haruffa biyu na ƙarshen sunan sun tafi tare da dattin. Dutsen ya riƙe sunan nan shekara da shekaru a ƙarƙashin gansakuka, ni na goge shi cikin minti goma da kyakkyawar niyya. Har yau idan na zo wucewa ta wurin sai in kau da kai. Daga baya muka koyi cewa tsohon dutse ruwa zalla yake so da buroshi mai laushi, ba a sa masa sinadarin wanke kaya domin gishirinsa na shiga ƙofofin dutsen ya riƙa ɓarɓashe shi daga ciki. Mun koyi cewa ginin da aka yi da farar ƙasa ba a like shi da siminti, saboda siminti ya fi bulon tauri, yana tsare danshi, sai bulon ya ruɓe ya bar simintin a tsaye. Ƙarfen da aka haɗa duwatsu da shi idan ya yi tsatsa kumbura yake, shi ke tsaga dutsen. Itacen da ya tsiro a kan kabari kuma ba a tumɓuke shi, a gindi ake yankewa a bar saiwa ta mutu a hankali, in ba haka ba a taso da abin da bai kamata a gani ba. Duk wannan da ɓarna muka koye shi, alhali magini ɗaya da ya san tsohon gini zai koya mana a yini biyu. A turo mana shi.

Akwai kuma aikin da ko mun iya bai halatta mu taɓa ba. Manyan duwatsu da dama sun karkata, wasu sun fi mutum uku nauyi, kuma yara na shigowa wasa ta ɓarakar katanga. A 2015 dutsen kabari ya faɗo wa wani yaro ɗan shekara 8 a wata maƙabarta a Gilasgo ta Scotland, ya rasu. Ba na so mu jira irin wannan rana kafin injiniyan majalisa ya zo ya duba. Magudanar ruwan da ke bayan katangar arewa ta toshe, shi ya sa ruwa ke kwanciya a gindin gini, shi ya kayar da wancan ɓangare, kuma na kusa da shi ya fara ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu kuwa ya wuce tsagewa. A kwarin da ruwan ke bi kaburbura sun lotsa, muna cikewa da ƙasa, ruwa na zuwa ya kwashe.

Sai littafin rajista. Sau ɗaya aka bar ni na gan shi, a ƙasan wani kabad, ƙarƙashin tarin fayiloli, danshi ya manne shafukan farko, gara ta ci gefe guda. Wannan littafi shi kaɗai ya san wanda ke kwance a kaburburan da ba su da allo, kuma su ne mafi yawa, domin talaka ba ya barin dutse. Idan ya tafi, sun tafi. A birnin New York, a 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati aka ci karo da maƙabartar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, da birnin ya yi gini a kanta ya manta. An tono ƙasusuwan mutum 419, an sake binne su a 2003, wurin ya zama abin tarihi na ƙasa a 2006, amma ba a iya cewa wannan wane ne, wannan wance ce. Ɗalibanmu a shirye suke su ɗauki hoton kowane shafi da waya, su shigar da sunayen a kwamfuta, su haɗa kowane suna da lambar wurinsa a taswira, kwafi ɗaya a wurinku, ɗaya a ɗakin karatu. Ba mu ce a ba mu littafin mu fita da shi ba. Tebur muke so, da izini, da ma'aikaci ɗaya ya zauna ya sa mana ido. Sau uku muna rubutowa, amsar ita ce ana dubawa. Baiwar Allahn nan da na ambata har yanzu ba ta samu kabarin kakarta ba, kuma mai yiwuwa amsarta na cikin kabad ɗin nan.

Ciyawa ka bar mana, mun ɗauka, ba mu gaji ba. Abin da ya rage naku ne: katanga da magudana a kasafin kuɗin baɗi, da layinsu na kansu yadda ba za a karkatar ba, maigadi, motar da za ta kwashe sharar da muke tarawa maimakon ta kwana wata guda a bakin ƙofa, da 'yar yarjejeniya a rubuce da ta faɗi abin da aka yarda mu yi da wanda za mu kira idan wani abu ya faru.

Gani ya kori ji, ranka ya daɗe. Muna nan ranar Asabar daga ƙarfe bakwai. Ka zo ba tare da masu ɗaukar hoto ba, ka sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da fasassun kwalabe. Idan ka tarar da ƙofa a kulle, ka zagayo ta arewa, za ka ga inda muke shiga.

Naka,
Ɗaya daga cikin masu aikin sa kai a tsohuwar maƙabartar birni