Game da takardar gwajin baye-baye na Ruhu

Salama gare ku ƴan'uwa cikin Kristi. Takardar tambayoyin nan da aka turo don taimaka wa mutum ya gane baiwar da Ruhu Mai Tsarki ya ba shi, kowa ya cike ta kafin Lahadi. Tana da amfani, musamman ga masu kawaici da ba sa ɗaga hannu idan ana neman ma'aikata. Ƴar'uwar da kullum ita ce ke fara zuwa gaishe da marasa lafiya, wataƙila ba ta taɓa sanin jinƙai baiwa ce ba, ga shi kuwa a Romawa 12:8.

Amma kada a ɗauke ta hukuncin ƙarshe. Kai ne ke ba kanka maki, mutum kuma bai cika ganin ƙeyarsa ba. Manzo Bulus ma bai bar mana jeri ɗaya ba: bakwai a Romawa 12, tara a 1 Korintiyawa 12:8-10, na Afisawa 4:11 kuma daban. Takarda ba ta auna hali ko ƙauna. Mutum bakwai ɗin nan da aka zaɓa su kula da rabon abinci a Ayyukan Manzanni 6, shaidar jama'a ce ta fito da su.

Kada wani ya ce share ɗakin sujada ba baiwarsa ba ce! In kun gama, ku nuna wa fasto ko wani dattijon da ya san ku, a tattauna.