Zuwa ga Habu, mutumin Legas

Assalamu alaikum. Habu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kawu da mutanen gidansa. Mu nan ƙalau muke, sai zafin bazara da ya kori kowa zuwa tsakar gida.

Wata tara ke nan rabona da kai. In ka cire gaisuwar da ka aiko ta wayar Yaya, wadda rabinta hayaniyar kasuwa ce, ban ji ɗuriyarka ba. Ba zan ɗora maka laifin kai kaɗai ba, ni ma na yi zuciya. Mutum ya tafi ba sallama, sai a bakin Inna na ji wai motar kaya ta wuce da kai da asuba! To, ya wuce. Direban da ke kai wa Kawu albasa kasuwar Mile 12 zai tashi jibi, shi ya sa na yagi tsakiyar littafin lissafi na zauna. Asali tambaya ɗaya ce gare ni, a kan Magana Jari Ce na biyu da ya yi ɓatan dabo daga akwatin Baba a satin da ka tafi. Zan dawo kanta. In na fara da ita na san ba za ka karanta sauran ba.

Gyara zama. Ni da Buba mun zama abokai.

E, Buban da ka sani, Ɗan Nagge. Wanda muka tare a bakin gada muna aji biyu, ka riƙe masa hannuwa na watsa masa taɓo, don shanunsu sun shiga waken Baba. Na san yanzu ka ajiye takardar kana salati. Gama, ka ɗauka.

Da muka shiga aji huɗu aka raba mu, aka kwashe 'yan kimiyya, mu sauran tarkace aka zuba mu aji ɗaya, mun haura saba'in. Aka kawo mana sabon malamin Hausa, siriri, da wani tsohon babur da sai an tura. Littattafan adabin da ke makarantar ba su kai goma ba, don haka ya ce rukuni-rukuni za a riƙa ara, sati guda-guda. Lokacin kuwa ruwa ya cinye hanya, ka dai san yadda ƙasar Auyo take komawa in kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, kacala ta toshe masa hanya. Mu na ƙetare sai a kwalekwale, kuma a ajin nan kaf mu biyu ne na ƙetare. Malam ya miƙo mana Ruwan Bagaja guda ɗaya, bangonsa an ɗinke da zaren buhu, ya ce ku je ku san yadda za ku yi.

Ni ban yarda ya kai shi ruga ba, shi bai yarda in kai shi gida ba. Ƙarshe muka tsayar da tsamiyar nan ta bayan fadama, bayan la'asar, tunda ni ina tsaron shinkafa kada jan-baki su gama da ita, shi kuma yana kiwo a gefen. Da magariba mu sa littafin a leda mu cusa a kogon tsamiyar. Kwana uku ba wanda ya ce wa wani uffan. In karanta shafi in miƙa, ya karanta ya miƙo. Abin haushi, ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Kafin in kai rabi ya fara kaɗa sanda a ƙasa.

Rana ta huɗu ya gaji, ya ce, "Kai, karanta a fili mana mu ji tare, ka daina motsa baki kamar akuya na tuƙa."

Habu, kai ka san ni da karatu a fili. Tun firamare in malami ya nuna ni, kafin in'inata ta sake ni ka riga ka amsa. Na fara. Kalmar farko ta maƙale, na yi ta sara a wuri ɗaya, gumi ya keto mini. Jira nake ya yi dariya in sami dalilin faɗa. Bai yi ba. Kuma bai ƙarasa mini ba. Ya ci gaba da feƙe wani kara da wuƙarsa, ko kallona bai yi, har kalmar ta fito don kanta. Na wuce ta gaba. Shafi ɗaya ya ci mana kusan rabin awa, tsuntsaye kuwa sun yi biki a shinkafar Baba ranar.

Ga abin da na daɗe ina juyawa a raina, kada ka ɗauke shi da zafi. Kai don so kake ƙarasa mini magana, na sani, kuma ka sha dukan manyan yara saboda ni. Amma shekara tara kai ne bakina. Da ka tafi sai na waiwaya na ga ban taɓa kai jimla ƙarshe a gaban mutane ba. Haushin da na ji na tafiyarka, rabinsa tsoro ne. Sai ga shi wanda muka yi wa wanka da taɓo shi ne ya iya zama ya jira ni.

Kafin satin ya ƙare mun koma dariya har da riƙe ciki, saboda yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna tsiya gari-gari. 'Yan aji da suka ga muna shigowa kwalekwale ɗaya sai suka laƙaba mana sunayen. Wai ni ne Zurƙe. Ban yarda ba har gobe.

Af, kafin in manta: mai shayin bakin tasha ya ƙara aure, kuma amaryar ta hana bashi, an ma manna takarda. Naira ɗari uku da yake binka tana cikin littafin, na gani da idona. Alkamar Baba ta yi kyau bana, sai dai kuɗin man injin ban-ruwa ya cinye ribar. Ladi kuma ta tambaye ni kai sau biyu, wai ko ka iya Yarbanci. Na ce mata Hausar ma da ƙyar.

Malamin nan, in ya shiga labarin marubuta mantawa yake da ƙararrawa. Shi ya gaya mana cewa gasa aka sa a 1933, wani Bature Rupert East ya shirya ta daga Zariya, kuma daga cikinta Ruwan Bagaja ya fito, da Ganɗoki, da Shaihu Umar. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 lokacin, yana koyarwa a Katsina, mai Ganɗoki kuwa, Bello Kagara, yayansa ne. Shekara 22, Habu! Yaya ya girme shi, kuma abin da Yaya ya rubuta a duniya bai wuce lambar waya a bangon shago ba. Da ya zo kan Shaihu Umar sai ya zaro naira biyar daga aljihu ya ɗaga, ya ce ga marubucin. Muka yi ta dariya, mun zaci wasa ne. Ashe Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin ya zama firayim minista malamin makaranta ne, har ya rubuta littafi. Kullum hotonsa na hannunmu, kuɗin da yanzu ko alewa ba ya saye.

Shaihu Umar ɗin a zango na biyu ya zo hannunmu, cikin hunturu, ruwa ya janye, muna zuwa a keke ɗaya ina goya shi. Ba littafin dariya ba ne. Yaro ne aka sace, uwarsa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara da ita sahara. Ni ke karantawa, don zuwa lokacin aikina ya zama. Da na iso inda suka haɗu bayan shekaru, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika, sai na ji wuƙar Buba ta daina motsi. Ya miƙe ya ce shanu sun yi nisa. Shanu kuwa ga su nan kwance a gabanmu suna tuƙa, ko ɗaya ba ta tashi ba. Ya tafi can bakin fadama ya juya mini baya, ya daɗe. Ban bi shi ba. Abin da ya koya mini ke nan, na zauna na jira.

Sai bayan kwana biyu, muna kan keke, ni a gaba ba na ganin fuskarsa, ya ce tasa tana can wajen danginta a Nijar, gaba da Maigatari. Yana shekara shida aka rabu, rabonsa da ita ke nan. Ko "innata" bai ce ba, "ita" kawai yake cewa, ka san su da kunya. Na tuna ranar gada, da abin da muka riƙa zaginsa da shi. Ka tuna ai. Ƙafata ta kasa taka feda, na ce masa sarƙa ce ta zame.

Yanzu ga babban labarin, na bar shi ƙarshe da gangan. Malam ya karanta mana waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, ya ce ga na gida nan, ruwan da kuke sha shi ya sha, to me ya hana ku? Na je na ƙuƙuta baiti goma sha biyu a kan ambaliya. Buba ya soke uku, ya ce ƙafiyar ta karye, kuma da gaskiyarsa, ko da yake sai da muka yi kwana guda ba ma magana. Ranar Litinin da ta wuce Malam ya tsayar da ni a asambili. Gaban kowa da kowa, har 'yan aji shida. Baitin farko na sare sau huɗu, wasu suka fara ƙyalƙyatawa a baya. Daga na biyu sai na rera maimakon in faɗa, kuma wallahi in ina rerawa harshena ba ya kamawa. Ban san haka ba sai bana. Na kai ƙarshe. Tafin bai yi wani yawa ba, kada in yi maka ƙarya, amma na kai ƙarshe. Na duba layinmu wajen da ka saba tsayawa, wani ƙato ne a wurin yana sakace.

Damuwata ɗaya. Baffan Buba na maganar in damina ta faɗi za su tashi da shanu, don burtalin da suke bi duk an nome shi, kuma ba ya son a sake rigimar bara. In sun tashi, makaranta ta ƙare masa. Malam ya ce zai je rugar da kansa. Ni kuma ina so in roƙi Baba ya bar shi ya zauna a ɗakinmu na zaure, shimfiɗarka tana nan ba mai kwana. Ban sami fuska ba tukuna. Baba bai manta waken nan ba, ko da yake ranar da Buba ya kawo ƙwaryar kindirmo Inna ta karɓa, shi kuma ya sha fura da shi har ya nemi ƙari, bai tambayi daga ina ba. Kai da ka iya lallaɓa shi, ta ina zan ɓullo masa? Ka rubuto, kada ka ce sai ka sami kati. Direban zai juyo bayan kwana goma.

Na ba Buba haƙuri kan taɓon, a watan jiya. Ya yi kamar bai gane ba, can ya ce oho, ai naka mai sauƙi ne, wanda ya riƙe ni shi ya yaga mini riga. Ya san ina rubuto maka. Ya ce in gaishe ka, kuma yana bin ka riga ɗaya, mai dogon hannu, tunda an ce a Legas gwanjo da araha. Ya fi ka tsawo yanzu da kusan taƙi guda, sai ka san wadda za ka zaɓa.

Inna na gaishe ka, ta ƙulla maka kuka da daddawa, suna wajen direba. Ka gai da Kawu.

Naka,
Sale