Ba Kowane "Irony" Ba Ne Gatse: Darasi Daga Ƙamusun Sinanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata kalma da ke wahalar da masu koyon Turanci, wato "irony", musamman yaranmu da ke karatu a ƙasar Sin, waɗanda sau da yawa ƙamusun Turanci da Sinanci ne ke hannunsu.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, "eironeia", wato mutum ya yi kamar bai sani ba alhali ya sani, irin yadda Socrates, masanin falsafar Girka na zamanin da, yake yi wa abokan muhawararsa. Idan ɗalibi ya buɗe ƙamus, abin da yakan fara cin karo da shi shi ne "fengci", kuma a nan gizo ke saƙar, domin da wannan kalma ɗaya ake fassara "satire" (zambo) da "sarcasm" (baƙar magana) ma. Gaɓar "ci" da ke cikinta na nufin suka ko hudawa, saboda haka ɗalibin yakan ɗauka cewa dole sai an muzanta wani, alhali ba haka abin yake ba.

Sinanci yana da kalmomin da suka fi dacewa. "Fanyu", wato magana a juye, ita ce gatsenmu sak, kamar uwar da ɗanta ya fasa tulu ta ce masa, "Sannu da aiki, ka kyauta." "Waku" ta fi kusa da baƙar magana mai ciwo, yayin da masana adabi suka fi amfani da "fanfeng" wajen fassara "irony".

Wurin da na fi ganin ana tuntuɓe shi ne inda babu mai magana kwata-kwata, misali a ce ofishin 'yan kwana-kwana ya ƙone ƙurmus. Wannan ma "irony" ne a Turanci, amma ba gatse ba ne, ba habaici ba, ba zambo ba, tunda babu wanda ya jefi wani da magana. Sinawa kan ce "zaohua nong ren", wato ƙaddara tana wasa da mutum. Mu kuwa iyakarmu mu riƙe baki mu ce ikon Allah.

Ina kira ga malaman sassan Hausa na jami'o'inmu da su samar mana da kalmar da za ta ɗauki wannan ma'ana ta ƙarshe, domin a ajina har gobe da dogon bayani nake cike gurbinta.

Wassalam,
Wani malamin Turanci, Zariya