Amsa ga Alhaji furodusa: e, ban taɓa yin fim ba, amma tikitina na saya

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

Wallahi da farko shiru na so in yi, don ka girme ni nesa ba kusa ba, kuma ba tarbiyyar gidanmu ba ce musayar yawu da manya. To amma tunda a bainar jama'a ka kira sunana a Facebook, har yaran jarumanka suka kwana suna zagin iyayena da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ka ga ai ba zai yiwu in lallaɓa ta bayan gida in ba ka amsa ba.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, bayan ƙaramar Sallah ne na ɗan rubuta ra'ayina a kan sababbin finafinai uku da na kalla, biyu a sinima ɗaya mai dogon zango a YouTube, ɗaya daga ciki na Alhaji ne. A kan nasa na ce labarin bai kai na awa biyu ba aka ja shi kamar roba, kuma sautin bai fita ba. Shi ne Alhaji ya jefo min tambayoyi: wai wane fim na taɓa yi, wa ya biya ni in ɓata masa kasuwa, sannan ko na taɓa cire sisina na kalli fim ɗin Hausa, ko kuwa irin mutanen nan ne da ke kai memori wajen 'yan downloading a loda musu.

Ta farko ba ta da wuya, ban taɓa yin fim ba, ko kyamara ban iya riƙewa ba sai ta waya. Tuwo ma ban iya tuƙawa ba amma in gishiri ya zarce a miya ina sani. Ta biyun kuma dariya ta ba ni, da ana biyana ai da ba a Adaidaita Sahu na je kallon fim ɗinka ba.

Ta ukun ce ta tsaya min a rai Alhaji, don a fakaice ɓarawo ka kira ni. Ni ɗin nan tun ina firamare nake tara kuɗin tara ina haɗawa da na yayana mu karɓo hayar kaset, a lokacin da Ƙofar Wambai ke cike da shagunan 'yan kaset ba masaka tsinke, muka koma CD muka bi ku, CD ta mutu 'yan fassarar Indiya-Hausa suka kwashe rabin masu kallonku mu ba mu gudu ba, kuka koma YouTube muka bi ku da datarmu, har bayan ƙarin kashi 50 da aka yi wa kuɗin kira da data a farkon 2025 ba mu fasa ba. Ranar da na je kallon naka daga Kurna na taso, mota biyu na hau, kai ma ka san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, na saya wa kaina tikiti na saya wa ƙanwata, ga kuɗin gugguru da lemo da ta maƙale sai an saya mata. Mu nawa ne a zauren? Ban so faɗa ba amma tunda ka tambo, ina iya ƙirga mu da yatsu har in yi ragowa. A cikin 'yan tsirarun da suka fito da kuɗinsu ranar ka zaɓi ɗaya ka ce masa ɓarawo. Madalla.

Yanzu bari in gaya maka abin da na samu da kuɗin nawa. Mota ta zo bakin get ta yi hon, maigadi ya taso da gudu har da faɗuwa don a yi dariya, ya buɗe ɓari ɗaya ya koma ya buɗe ɗayan, mota ta shiga, ta yi fakin, direba ya zagayo ya buɗe ƙofa, Alhajin fim ya sauko da ƙafa ɗaya sannan ɗayar, ya gyara babbar riga. Sau huɗu aka nuna mana wannan, ƙanwata har cewa ta yi yaya ko dillancin motoci suke talla ne. Sannan wurin da ya fi kowane muhimmanci, inda yarinyar za ta gaya wa mahaifinta gaskiyar abin da ya faru, babu abin da ke tashi sai ƙugin janareta, na karkata kunne har wuyana ya ƙage ban ji me ta ce ba, sai daga fassarar Turancin da ke ƙasa na tsinta, ita ma fassarar Allah dai ya kyauta. Ga mutumin ƙauye wai manomi ya dawo daga gona da riga sabuwa fil, karin gugar shago ma bai baje ba. Waƙa kuwa ba zan ce komai ba, na san za ka ce 'yan kallo ke so.

Abin da ya ba ni mamaki, a wannan rubutun dai na yabi dattijuwar da ta fito a uwa. Akwai inda take zaune a tabarma tana tsintar wake aka zo aka gaya mata ɗanta ya saki matarsa, ba ta yi ihu ba, ba ta ɗora hannu a ka ba, sai kawai hannunta ya tsaya cak a cikin faifan, ta jima a haka sannan ta ci gaba da tsinta. Wallahi nan sai da na tuna kakata. Sakin layi guda na yi a kan wannan, amma da ka tashi ɗaukar hoton rubutuna ka yaɗa sai ka yanke wurin. Ni dai ban ce da gangan ba ne, ƙila wayar ce ba ta ɗauka duka. Haka kuma ban ce don fim ɗin na neman wanda zai yi maganarsa a sati na biyu ne aka tayar da wannan ƙurar ba, mutane ne ke faɗa.

Kuma ba kai kaɗai ba ne, ciwon masana'antar ne gaba ɗaya. Duk wanda ya ce gyara kayanka sai a ce ɗan hassada ne, ko maƙiyin Arewa, ko an turo shi. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 ake wannan sana'a, shekara talatin da ɗoriya, yaron da aka haifa lokacin yau yana da 'ya'ya a makaranta, amma har yanzu ana ce mana mu yi haƙuri masana'antar jaririya ce. Da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango a watan Mayun 2025, wa kuka juyo kuna kira ya tsaya muku? Mu ɗin nan dai, lokacin mun zama 'yan kallonmu masu albarka. In mun yi tafi muna da ido, in mun yi ƙorafi sai a tambaye mu satifiket.

Kada kuma ka ce min kuɗi ne babu. Na san fim ɗin Mai Martaba da Najeriya ta tura gasar Oscar a 2024 an kashe masa abin da ba kowa ke da shi ba, kuma ko shi bai shiga jerin finafinai 15 ɗin da aka tace a gasar ba, ban ce kowa ya yi irinsa ba. Amma kashe janareta na minti biyar, ko a ba manomi tsohuwar riga, ko a zauna da marubuci a biya shi haƙƙinsa ya gyara labari kafin a fita lokeshan, wannan bai kai kuɗin hayar motar da aka yi ta buɗe wa get ba.

Na ji an ce kana da wani sabo da Babbar Sallah. In Allah ya kai mu da rai da lafiya zan zo, da kuɗina, layi na uku daga baya nake zama ta gefen hagu. Guntun tikitin wancan ma yana nan a cikin murfin wayata, in kana son gani ka turo yaro ya duba, amma don Allah ba cikin masu zagin nan ba.

Na gode, a gaida iyali.