Wasiƙa zuwa ga Yaya a Ƙofar Sauri

Landan, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da iyali baki ɗaya, dalilin wannan takarda shi ne maganar da ta iso kunnena cewa wai an kore ni daga aiki, har Hajiya ta kwana biyu ba ta iya cin abinci. Ba a kore ni ba. Ni da kaina na ajiye aikin gidan kula da tsofaffi bayan na ci jarrabawar OSCE ta gwajin aikin jinya a aikace, hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista ta ba ni lamba, kuma ranar Litinin mai zuwa zan fara aiki a matsayin nas a wani asibitin gwamnati. Shirun da kuka ji na makonni uku, shirin intabiyu nake yi. Ka karanta wa Hajiya wannan da bakinka, ka roƙa mini gafararta, domin ni na jawo mata wannan damuwa.

Na turo fam 400 ta hannun da muka saba. Fam 250 na jarrabawar Turanci ta Auta ne, 100 na maganin hawan jinin Hajiya, 50 kuma a kai wa maiɗakina. Kuɗin Auta kada su shiga hannunsa, kai za ka biya da kanka, domin na ji labarin babur ɗin da yake zawarci.

Saboda Auta nake son in yi bayanin intabiyun nan, tunda shi ma hanyar da zai biyo ke nan. Sau biyu na zauna, na farko ban samu ba, ban kuwa gaya wa kowa ba. Na shiga da shirin tambayoyin allura da awon jini, sai na tarar rabin tambayoyin a kan hali ne da zama da abokan aiki. Mutum uku ne a gabana, kowa da takardar ba da maki. Babbar cikinsu ta ce, idan na ga wanda ya girme ni a aiki yana yi wa tsohuwa marar lafiya tsawa, me zan yi? Na sunkuyar da kai kamar yadda muke yi a gaban Baffa, na ce zan yi haƙuri, in lallashi tsohuwar bayan ya fita, domin babba babba ne. Ina kallo ta ɗora biro a kan takarda ba ta rubuta komai ba. Da suka kira ni a waya daga baya, sun ce amsar ta nuna zan rufa wa abokin aiki asiri in bar marar lafiya, kuma ban dubi idon kowa ba har na fita.

Abin ya yi mini ciwo, Yaya, domin kunya da kawaici da aka tarbiyyantar da mu a kansu ba aibi ba ne, kuma har gobe ina alfahari da su. Amma da na bincika na ga suna da dalilinsu. A asibitin Stafford an taɓa barin marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa, ma'aikata da yawa suna gani suka yi shiru, har aka yi babban bincike da rahotonsa ya fito a 2013. Tun daga lokacin suke auna halin mutum kafin su ɗauke shi. Ma'aikatan jinya suna da ɗabi'u shida da ake nema a wurinsu: kulawa, tausayi, ƙwarewa, iya magana da mutane, ƙarfin zuciya da riƙon aiki. Ƙarfin zuciyar nan shi ne faɗin gaskiya ko a kan na gaba da kai, kuma da na yi tunani na ga hani da mummuna ne da muka karanta tun a makarantar zaure.

A zama na biyu tambayar ta sake fitowa, na ce zan shiga tsakani nan take cikin ladabi, in tabbatar marar lafiya tana cikin aminci, sannan in sanar da shugabar ɗaki in rubuta abin da na gani. Suka tambaye ni ko na taɓa samun saɓani da abokin aiki. Auta ya kiyaye, kada ya ce bai taɓa ba, domin ba za su yarda ba. Na ba su labarin wata abokiyar aiki 'yar Filifin da muka yi ja-in-ja a kan hutun Sallah, yadda na same ta a keɓe lokacin shan shayi, muka daidaita na karɓi aikinta ranar Kirsimeti, ita ta karɓi nawa. Tsarin da suke so ke nan: halin da aka shiga, abin da ya rataya a wuyanka, matakin da ka ɗauka da yadda aka ƙare. Kuma ya koyi cewa “na yi”, domin mu mun saba da “mun yi” gudun yabon kai, su kuwa abin da hannunka ya yi suke ba wa maki.

Ni lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai da duhun da ke rufewa tun ƙarfe huɗu na yamma, kuma na saba. Wata rana dai idan na fito aikin dare nakan tuna furar da Hajiya take dama mana. Tun Maris ɗin 2024 aka hana masu bizar kula da tsofaffi kawo iyali, amma aikin nas ba ya cikin wannan hani, saboda haka a gaya wa maiɗakina ta fara neman fasfo ita da yaran. Shekarun da ta yi tana jira suna kaina.

Auta kuma ya rage zaman majalisa. Ana neman maki 7 a IELTS, wato jarrabawar Turancin nan, 6.5 a ɓangaren rubutu, kuma ba a samun su a bakin titi. Duk wanda ya ce ya kawo kuɗi a sayar masa da takardar ɗaukar aiki, macuci ne, kada a ba shi ko sisi. Na sake faɗa, fam 250 ɗin kai za ka biya, ka ɗauki hoton rasidin ka turo mini.

A gaishe da Baffa da Goggo da duk mutanen gida.

Wassalam,
Ƙaninka